Yadda Muka Zagaya Turai Da Tsohonmu



Ranku ya daɗe iyayenmu dattawa, Allah ya gafarta malamai, shugaban ƙungiya da magatakarda, iyayenmu mata, da ƴan'uwa ƴan bida da suka zo daga Maradi, Yamai, Kano, Legas da Abijan, muna gaishe ku gaisuwa mai yawa, muna yi muku sannu da hanya.

Shugaba ya umarce mu da mu tsaya gabanku mu ba da labarin tafiyar da muka yi da mahaifinmu zuwa Turai a shekarar 2022, domin akwai ƴan'uwa masu niyyar yin irinta, akwai kuma waɗanda har yau suke ganin ɓarnar kuɗi muka yi. Mu biyu ne, wa da ƙane, ɗaya na zaune a Faris, ɗaya a Liyon, amma baki ɗaya za mu yi magana. Tsohon kuwa ga shi nan zaune a cikinku. In mun ƙara gishiri, shi zai tsai da mu.

Mun ji an ce kuɗin da muka kashe ya isa a sayi shanun noma biyu da amalanke, har a yi saura. Gaskiya ne, ba mu musa ba. Amma ku sani Baba ya riga ya sauke farali tun kafin wannan, kuma ba mu muka kawo maganar ba, shi ya kawo ta. Wata rana a waya ya ce mana, "Shekara 11 kuna aiko mini da kuɗi, ban san ɗakin da kuke kwana ba. In Allah ya tambaye ni a kanku, me zan ce?" Wanda mahaifinsa ya faɗa wa haka, ya gaya mana yadda zai yi.

TAKARDU DA LOKACI

Abu na farko shi ne takardu. Sai da fasfo, sa'an nan biza. Bizar da ake ba baƙo ana kiranta ta Shengen, sunan wani ƙauye ne na ƙasar Lukzambur inda aka sa hannu a yarjejeniyar a 1985. Da ita mutum zai shiga ƙasashe da yawa, 26 ne a lokacin tafiyarmu, yanzu sun kai 29, amma kada ya wuce kwana 90 a cikin kwana 180. Mai masauki zai je ofishin magajin garin da yake zaune ya karɓo takardar shaidar cewa shi zai sauki baƙon. Akwai inshorar lafiya, wadda dole ta iya ɗaukar magani har na Yuro 30,000, watau kusan miliyan 20 na sefa. Kuɗin biza Yuro 80 ne a lokacin, tun watan Yuni 2024 ya koma 90, kimanin jaka 59, kuma in an hana ba a mayarwa. Tilas ne tsoho ya je da kansa a ɗauki hoton yatsunsa, ga shi daga Gazawa zuwa Yamai ya fi kilomita 700. A sa wannan wahala cikin lissafi.

Har ila yau, abubuwa sun sake tun bayan tafiyarmu. Jirgin da muka shiga, mai tashi daga Yamai ya sauka Faris cikin kamar awa 6, ya daina zuwa a watan Agusta 2023, matafiya suka koma bi ta Istambul ko Kasabalanka. A watan Janairu 2024 kuma Faransa ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai. Saboda haka mai niyya ya fara binciken inda zai kai takardunsa tun da wuri, kada ya sayi tikiti sai biza ta fito.

Abu na biyu shi ne lokaci. Bayan kaka manomi ke da sarari, amma a lokacin ne sanyin Turai ke daskarar da ruwa, tsoho ba zai iya ba. Lokacin ɗuminsu kuwa shi ne damanarmu, babu mai raba manomi da gonarsa. Abin da ya rage shi ne ƙarshen bazara. Muka ɗauko shi a watan Mayu, bayan ƙaramar Salla, da alkawarin za mu maido shi kafin shuka.

KUSKUREN DA MUKA YI A FARIS

Jama'a, ba za mu ɓoye laifinmu ba. Washegarin saukarsa muka rubuta wurare shida da za mu kai shi a yini guda. Muka shiga da shi jirgin ƙarƙashin ƙasa, hawa matakala, sauka matakala, mutane na gudu kamar an biyo su. Muka kai shi Hasumiyar Ifel, wadda aka gama a 1889, tsawonta mita 330. Ya ɗaga kai ya dube ta, ya ce, "Me ake ajiyewa a ciki?" Muka ce ba kome, kallo ake zuwa. Ya yi shiru. Kafin la'asar gwiwoyinsa sun kumbura, kwana biyu bai fita ba. A nan ne ya ce mana, "Ni kuka kawo in gani, ko kuwa ni kuka kawo a gani?" Domin duk inda muka tsaya sai mun ɗauke shi hoto mun aika gida. Kunya ta kama mu, muka yage takardar. Daga ranar muka koma wuri guda a yini, kuma shi ke zaɓa.

Akwai waɗansu ƙananan abubuwa da ba mu yi tunaninsu ba. A ƙarshen Mayu rana ba ta faɗuwa a Faris sai bayan ƙarfe 9 na dare, lisha ta kai wajen 11, asuba kuma ta zo wajen ƙarfe 4. Tsoho bai samun barci, sai muka sa masa ƙailula dole. Abincinsu kwana uku ya gundure shi. Abin da ya cece mu shi ne garin hatsi da kuka da daddawa da yaji da Inna ta ɗaura masa. Kilishi da cuku kada a ɗauka, dokarsu ta hana shiga da nama da kayan nono. Goro kuwa akwai shi a kasuwar ƴan Afirka ta unguwar Shato Ruj. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya tafi da maganin da zai ishe shi, tare da takardar likita.

Ranar Juma'a muka kai shi Babban Masallacin Faris, wanda aka buɗe a 1926 don tunawa da sojoji Musulmi da suka mutu wa Faransa a yaƙin duniya na farko. Ran nan ne muka fara ganin dariyarsa.

ƊAKIN KWANA

Amma abin da ya zo dominsa bai manta ba. Mun kama masa masauki mai kyau, ya ce shi ba baƙon otel ba ne, a kai shi ɗakin ɗansa. Ɗaki guda ne a hawa na 5, taku huɗu ka kai bango, haya Yuro 600 a wata, kusan jaka 400. Ya tambayi aikin, aka gaya masa: ɗaukar kaya a mangaza daga ƙarfe 10 na dare har gari ya waye. Ya ce sai ya ga ƙofar wurin. Muka kai shi, ya tsaya a bakin titi yana kallon masu shiga aiki, yawancinsu baƙar fata ne. Da muka komo bai ci abinci ba. Da safe ya ce, "Kuɗin da kuke aikowa na biki da suna, daga yau ku rage rabi. Ashe barcinku nake rabawa."

Iyayenmu, shekara 11 muna jin nauyin faɗar wannan magana. Mu ma da laifinmu, domin hotunan da muke aikowa a gaban motocin mutane muke ɗaukarsu. Gani ya kori ji.

KABURBURAN SHASALE

Daga Faris muka shiga jirgin ƙasa mai gudu, awa 2 sai Liyon. Arewa da garin kaɗan akwai wani ƙauye Shasale. A can ne a watan Yuni 1940, lokacin yaƙin Hitila, Jamusawa suka ware sojojin Afirka da suka kama daga cikin Turawa, suka karkashe su. An yi musu maƙabarta mai jan bango irin ginin ƙasarmu, an buɗe ta a 1942, sojojin Afirka 188 ke kwance a ciki. Faransawa na kiransu sojan Sanagal, amma daga ƙasashen Afirka ta Yamma dabam-dabam aka kwaso su. Baba yana da kawu da aka ɗauka soja a zamanin Nasara, bai komo ba, ba a kuma san inda ya faɗi ba. Ya bi kaburburan ɗaya bayan ɗaya muna karanta masa sunaye. Ba mu sami sunan ba. Ya zauna ya yi musu addu'a gaba ɗaya, sa'an nan ya ce, "Nasu biyu na kwance wurinmu a Maijirgi, ga namu nan wurinsu." Yana nufin Bule da Shanwan, hafsoshin nan da suka ƙone garuruwa a 1899 har ajali ya same su kusa da Tasawa. Mun shekara da shekaru kusa da wurin nan, ba mu taɓa zuwa ba sai da mahaifinmu ya zo.

AYA A BALANSIYA

Daga Liyon muka ɗauki mota zuwa Sifaniya, kusan kilomita 1,000, muka raba tafiyar kwana biyu. Baba ya riƙe fasfonsa a hannu yana jiran shinge. Da muka ce ai mun shiga wata ƙasa tun ɗazu, bai yarda ba sai da ya ji harshen mutane ya sake.

Abin da ya kai mu birnin Balansiya shi ne aya. Kun sani ƙasarmu ta Gazawa da Agye da Cadawa ita ce gidan aya a Nijar. To, su ma suna nomanta, suna ce mata cufa, suna yin kununta mai sanyi da suke kira orcata. A gefen birnin akwai garin Alboraya, nan ne gonakin. Mun iske ta fara tsiro. Baba ya durƙusa ya damƙi ƙasar ya murza, ya ce jigawa ce irin tamu. Wani manomi ya gan shi ya matso. Babu mai jin harshen wani, amma suka yi kusan awa guda, muna ɗan fassarawa da waya. Ya gaya masa suna shuka a Afrilu da Mayu, da ruwan kwalbati suke ban ruwa, in ganye ya bushe su ƙone shi kamar yadda muke yi, su tone da inji daga Nuwamba, su wanke, su shanya wata uku a cikin ɗaki suna juyawa, sa'an nan su tsince. Abin da suke nomawa bai isarsu, suna sayen ƙari daga Nijar da Burkina da Mali.

Muka shiga shago muka sayi kofi guda Yuro 3, kusan jaka 2. Baba ya kurɓa, ya tambayi kuɗin sau biyu, ya ce, "Ayar da ke cikin kofin nan ba ta cika tafin hannuna ba." Kowa a nan ya san nawa ake sayen tiya a hannunmu ranar da aka tone.

Ranar Alhamis da tsakar rana muka ga wani abu kuma. A ƙofar babbar majami'ar garin, manoma 8 sanye da baƙaƙen riguna suka zauna a da'ira, kowanne manoman magudanar ruwansa suka zaɓe shi. Mai shela ya kira sunan kowace magudana, mai ƙara ya fito. Da baki ake shari'a, nan take a yanke, babu ɗaukaka ƙara. Masana da yawa na cewa tsarin ya samo asali tun zamanin da Musulmi ke riƙe da garin, kafin 1238. Baba ya ce wannan ita ce fadar sarkin noma. Kuma a watan Oktoba 2024, da ya ji a rediyo ambaliya ta kashe mutum fiye da 200 a yankin Balansiya, shi ya fara kiranmu yana tambayar abokinsa manomi.

A Balansiya ne waya ta zo cewa hadari ya fara haɗuwa a gida. Saura kwana biyar cikin shirinmu, ya ce shi ya gama kallo. Muka sake tikiti, muka biya tara, ya iso gida kwana biyu kafin ruwan shuka.

ABIN DA MUKE ROƘO

Na ɗaya, wanda Allah ya hore wa, ya kuma ga mahaifinsa ko mahaifiyarsa na da ƙarfi da sha'awa, ya kai su. Amma kada a ci bashi, kada a sai da gona, kada a gabatar da ita a kan aikin Hajji.

Na biyu, in an kai tsoho, a bi takunsa. A tambaye shi abin da yake so ya gani, kuma kada a ɓoye masa ɗakin kwana.

Na uku, samarin da ke shirin bin hanyar Agadas su je su zauna da Baba kafin su ɗaura kaya. Mu in mun faɗa, cewa ake muna yi musu baƙin ciki. Shi ba ya da abin da zai ɓoye.

Na huɗu, muna kawo shawara ƙungiya ta yi karo-karo a gina mangazar aya, a wanke, a shanya da kyau, a tsince manya dabam ƙanana dabam, a ajiye har kasuwa ta tashi, maimakon a zubar wa dillalai ranar tono. Mu biyu mun ɗauki nauyin kwanon rufi da ƙofa. Muna roƙon dattawa su nuna fili, magatakarda kuma ya buɗe littafi yau kafin a watse.

Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Mu muka biya kuɗin jirgi, amma shi ya nuna mana ƙasar da muke zaune a ciki.

Inda muka yi kuskure a yafe mana. Allah ya ja kwanan iyayenmu, ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu, ya ba mu damana mai albarka, ya maida kowa gidansa lafiya. Amin.