Jawabin Babbar Baƙuwa a Bikin Yaye Ma'aikatan Jinya da Ungozomomi

 

Mai Martaba Sarki, Allah ya ja zamaninka. Mai Girma Kwamishinan Lafiya, Shugabar wannan kwaleji da malamanta, iyaye da kuka baro harkokinku kuka zo, da ku 'ya'yana da ake yayewa yau.

'Ya'yana, ina taya ku murna. Kun yi karatu, kun kwana a ɗakunan marasa lafiya, kun ci jarrabawar Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya. Iyaye, Allah ya saka muku da alheri, ya sa ku ci moriyar wahalarku.

Tun da an ba ni dama, zan yi magana kan wani nauyi da ke jiran waɗannan yara a bakin aiki, wanda ba a cika ambatonsa a ranar biki ba.

Wani dare zai zo a kawo muku mace tana zubar da jini bayan haihuwa. Kun san allurar da za a yi mata, kun san tana bukatar ƙarin jini cikin gaggawa. Ku buɗe firji ku tarar babu, ko kuwa wuta ta daɗe da ɗaukewa har maganin ya lalace. Mijinta na tsaye bakin ƙofa, an rubuta masa abin da zai sayo, aljihunsa babu ko sisi. Wani daren kuma yara biyu ne ke fama da numfashi, tukunyar iskar oksijin guda ɗaya, kuma ku ne za ku zaɓa. Ilimi yana nan, niyya tana nan, amma an ɗaure muku hannu. Mutum ya tashi daga aiki ya je gida, ya kasa cin abinci, barci ya gagara, yana tuhumar kansa da laifin da ba shi ya aikata ba.

Masana sun daɗe da lura da wannan ƙuncin zuciya. A shekarar 1984 wani masanin falsafa ɗan Amurka, Andrew Jameton, ya bayyana shi a littafinsa kan ɗa'ar aikin jinya: halin da ma'aikaci ke shiga idan ya san abin da ya dace, amma tsarin wurin aikinsa ya hana shi aikatawa. Ya bambanta da gajiya. Mai gajiya idan ya huta ya warke. Wannan kuwa taruwa yake yi, wata bayan wata, har ka ga nas ɗin da ta fara aiki da fara'a ta koma mai tsawa ga majinyata. Jama'a su ce ba ta da imani. Sau da yawa imanin ne ya yi ta ciwo har ta rufe zuciyarta don ta iya ci gaba da zuwa aiki.

Kuma ba masu farin kaya kaɗai abin ke ci ba. Mai tura keken marasa lafiya, mai sharar ɗaki, mai wanke zannuwan gado, ma'aikaciyar lafiya da ke ita kaɗai a asibitin ƙauye, duk suna gani. Su ne ma suka fi daɗewa kusa da majinyaci, su ake roƙo, kuma su ne ba a tambayar ra'ayinsu. Ina roƙonku ku girmama su. Idan aka rasa majinyaci, ku tambaye su ma yadda suke ji.

Ranka ya daɗe Kwamishina, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta haramta a ƙi duba wanda aka kawo cikin halin gaggawa, ko da wane dalili, har ta tanadi tara ko ɗauri. Doka ce mai kyau. Amma nas ɗin da ke bakin aiki tana tsakanin wannan doka da umarnin cewa sai an nuna rasit kafin a fitar da magani. A Abuja aka taru a 2001, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi, kuma kasafin tarayya bai taɓa kaiwa nan ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata kimanin 82,000 suka rasu a Nijeriya sanadiyyar ciki da haihuwa, fiye da rubu'in na duniya baki ɗaya. Da yawansu a hannun wata ungozoma suka cika. A farkon 2024 hukumar jinya ta ƙasa ta sanar cewa ma'aikata sama da 42,000 sun bar ƙasar nan cikin shekaru uku. Albashi na cikin dalilai, amma ku tambayi waɗanda suka tafi, za ku ji wasu sun gaji ne da kallon mutuwar da suka san maganinta. Muna roƙon a ajiye magungunan gaggawa a kowane ɗakin haihuwa, a yi amfani da su kafin a yi maganar kuɗi, kuma a daina barin nas ɗaya da ɗaki guda cikin dare.

Ku kuma 'ya'yana, idan irin wannan dare ya same ku, kada ku haɗiye. Ku rubuta a littafin rahoto abin da aka nema aka rasa, da lokaci, da wanda kuka sanar. Ku kai wa shugabar ɗaki, ku kai wa ƙungiyarku ta ma'aikatan jinya da ungozomomi. Rubutun yana kare ku, kuma da shi ake tilasta gyara. Ku zauna da abokan aiki ku tattauna bayan an yi rashi, idan abin ya yi nauyi ku nemi likitan da ya san matsalolin damuwa, babu abin kunya a ciki. Ku shugabannin ɗakuna, wanda ya kawo muku ƙorafi kada ku kira shi mai tsaurin ido.

Allah ya sa albarka a hannuwanku, ya tsare ku a hanya da wurin aiki, ya mai da kowa gidansa lafiya.