Jijiyoyin da ke Kai wa Babban Hanji Jini

Wannan jawabi ne da wani malamin asibiti ya yi wa ɗaliban ajin yaƙi da jahilci a Tudun Wada, Zariya.

Jama'a, babban hanjin mutum ya kai kimanin mita ɗaya da rabi. Yana farawa daga ƙasan ciki ta dama. Ya hau sama, ya gitta zuwa hagu, sannan ya sauka zuwa dubura. Aikinsa shi ne tsotse ruwa daga ragowar abinci.

Hanji ba ya rayuwa sai da jini, kamar yadda lambun bakin kogin Galma ba ya yi sai da ban ruwa. Akwai babbar jijiyar jini da ta taso daga zuciya, ta sauko ta gaban ƙashin baya. Manyan rassa biyu sun fito daga jikinta zuwa hanji. Na sama yana shayar da ƙaramin hanji da ɓangaren dama na babban hanji. Na ƙasa yana shayar da ɓangaren hagu, har zuwa saman dubura. Rassan biyu suna haɗuwa a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, kusa da saifa. Duk wanda ya taɓa gyara kayan cikin rago ya ga irin waɗannan jijiyoyi a jikin kitsen da ke riƙe da hanji.

To, ina hatsarin yake? Wani lokaci hanji yakan murɗe, musamman lanƙwasar da ke ƙasan ciki ta hagu. An fi ganin haka ga manyan maza. Idan ya murɗe, jijiyoyin sai su shaƙe, kamar tiyon injin ban ruwa da aka lanƙwasa. Jini ya yanke. Cikin sa'o'i hanjin yana iya mutuwa ya ruɓe.

Ga alamunsa: ciki ya kumbura kamar ganga, ga ciwo mai tsanani, babu bayan gida, iska ma ba ta fita. Daga baya amai yakan biyo.

Idan an ga haka, kada a ba mara lafiya maganin wankin ciki ko jiƙo. Kada a ce sai gari ya waye. A kai shi asibiti mafi kusa nan da nan. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya koma Shika daga Tudun Wada a 2005, yana da likitocin tiyata. Idan an je da wuri ana iya warware hanjin. Idan an makara sai an yanke wurin da ya mutu, kuma ana iya rasa rai.

Rigakafi ya fi magani, amma idan ciwo ya zo, gaggawa ita ce magani. Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.