Ƙaro Da Lafiyar Ƙashi Bayan An Cire Tumbi



Maganarmu ta yau a kan 'yan'uwanmu ne da ciwon daji ko gyambon ciki ya sa likita ya cire musu tumbi. Idan suka dawo gida sai mu ce an warke, alhali da sauran rina a kaba. Ruwan tsamin tumbi shi ke narkar da kalsiyam, sinadarin da kashi 99 cikin ɗari nasa ke cikin ƙashi da haƙori. In babu tumbi, jiki ba ya samun isasshe, sai ya riƙa zarar na ƙashi. A hankali ƙashi ya yi rauni, har da na muƙamuƙi mai riƙe haƙora.

To, akwai wani sashe na abinci da ba ya narkewa har ya isa babban hanji, wanda masana suka raɗa wa suna firibayotik a 1995. Can ƙwayoyin halitta masu amfani ke cinye shi, su fitar da ɗan tsami, tsamin nan ya narkar da kalsiyam, hanji ya tsotse. A 1998 masu bincike a Japan suka ciyar da ɓerayen da aka cire wa tumbi irin wannan abinci, ƙashinsu bai lalace kamar na sauran ba. Amma fa ɓera ba mutum ba ne, don haka wannan taimako ne, ba ya maye gurbin magani.

Jama'a, abin nan yana ƙofar gidanmu. Ƙaron dakwara da muke fatauci, wanda har tashar bincikensa ke nan Gashuwa, yana cikinsu. Haka albasa, tafarnuwa da wake. Kalsiyam kuwa ga nono, miyar kuka, zogale da ƙananan kifayen fadamar Haɗeja-Nguru da ake ci da ƙashinsu.

Majinyaci ya fara kaɗan-kaɗan, don yawansa na kumbura ciki. Ya ci abinci kaɗan sau biyar ko shida a yini. Wanda aka cire wa tumbi duka kada ya bar allurar bitamin B12 muddin rai. Mai ciwon ƙoda, wanda mun san ya addabi Gashuwa, kada ya sha ƙwayar kalsiyam sai da izinin likita. Asibitin Tarayya na Nguru ba nisa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.