Wutar Jin Ɗumi: Kada Ta Kwana Da Kai A Ɗaki

 Yau daga Matazu muke, kuma zancen sanyi za mu yi.

Kun dai san yadda hunturu yake yi mana a Disamba da Janairu. Da an idar da isha'i, sai ka ga an tara kara a majalisa an hura wuta. Yanzu kuma ga sabon yayi: ƙaramar tukunyar gas ɗin nan mai kilo 3 ko 6, irin ta dafa shayi da Indomie, a kunna ta a kewaye ana jin ɗumi. A Amurka da Turai akwai murhun gas da ake ƙerawa musamman don haka, a girka shi a tsakar gida. Amma babban gargaɗin da ke jikinsa shi ne, na waje ne, ba a shiga da shi ɗaki.

Me ya sa? Duk wutar da ke ci a inda iska ba ta wadata ba, ta gas ce ko ta gawayi, tana fitar da wata guba mai suna kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi. Jininka kuwa yana kama ta fiye da sau 200 a kan yadda yake kama oksijin. Za ka fara jin ciwon kai, jiri, tashin zuciya, sai barci mai nauyi. Wanda yake barci dama, ba zai ma ji komai ba. To ka ga haɗarin kaskon gawayi a ɗakin mai jego da jariri, an rufe ƙofa an toshe taga da tsumma. Don Allah ku gaya wa iyayenmu mata, a ɗumama ɗaki ƙofa a buɗe, a fitar da kasko kafin a kwanta. In kun tarar da mutum ya galabaita, ku fito da shi fili, ku garzaya asibiti.

Sai ita kanta tukunyar gas. Gas ya fi iska nauyi, in yana yoyo ƙasa yake kwantawa ya taru. Kun ji warinsa? Ku rufe kan tukunyar, ku buɗe ƙofa, kada wanda ya ƙyasta ashana ko ya taɓa makunnin lantarki. Gwajin yoyo da ruwan sabulu ake yi, inda ya yi kumfa nan ne matsalar. Wuta mai lafiya shuɗiya ce. In ta koma rawaya tana baƙanta tukunya, a kai gyara.

A waje ma fa da sharaɗi. Yankinmu har zuwa Malumfashi da Funtua, lokacin nan kowane gida cike yake da karan dawa, harawa da auduga, komai ya bushe ƙayau, ga iska. A nisanta wuta da su aƙalla mita 3, kada a hura ta gindin danga ko rumbu. Tukunya ta tsaya a tsaye a ƙasa mai daidai, nesa da garwashi. A kula da yara da bakin mayafi. Wanda ya tashi ƙarshe, shi zai kashe wuta da ruwa ko ƙasa.

Ku tura wa 'yan gidanku wannan kafin dare ya yi. Allah Ya tsare mu, sai mun haɗu a shiri na gaba.