Jawabin Ma'ajin Ƙungiya Kan Rigima da Masu Sayar da Mota

Shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawa, alhazai da hajiyoyi, baƙinmu na Yagwa, Kusri da Mubi, barkanku da zuwa Maga. Allah ya maimaita mana wannan rana.

An ce in yi magana a kan mota, don ita ce jarin da yawa daga cikinmu. Da ita muke kwashe shinkafar SEMRY da busasshen kifin tafkin nan zuwa Marwa da bakin iyaka. In ta kwanta mako guda, ciniki ya kwanta.

Zan fara da kaina. Bara na kai motata Garwa, wurin kamfanin da na saye ta, saboda tana hayaƙi kuma ba ta jan kaya. Suka ce famfon mai ne. Na biya jaka ɗari huɗu na sefa, na karɓi makulli, ban nemi takarda ba, don mun saba. Na tsaya Figil na ɗauki siminti, ban kai Marwa ba ta mutu a hanya. Cikin fushi na kira wani bakanike ya kwance injin. Da na koma Garwa, manajan ya ce: "Alhaji, wani ya riga ya sa hannu, ba ruwanmu." Na yi faɗa har muryata ta dishe, ban samu ko dala ba. Da takardata a hannu, kuma da ban bari an taɓa injin ba, da ba su sami mafaka ba.

Don haka ga abin da nake roƙonku. Kafin a fara gyara, a rubuta muku abin da za a yi da kuɗinsa da ranar gamawa, a sa hannu da hatimi. Ku ɗauki hoton kilomita da wayarku. In an ce an canza wani ƙarfe, ku ce a ba ku tsohon. In kun biya, ku karɓi rasit mai ɗauke da lambar motar. Kunya ba ta cikin wannan. Ko a kan buhun shinkafa muna rubuta bashi.

In motar ta sake lalacewa, kada kowa ya kwance ta. A jawo ta, ko a kira ma'aikacin shari'a da ake ce wa wisiye ya rubuta halin da ya gan ta. Kuɗinsa bai kai na sabon famfo ba. Sannan a rubuta wa kamfanin wasiƙa, a ajiye kwafi mai hatiminsu, a ba su wa'adi.

In sun ƙi, akwai hukuma. Kamaru tana da dokar kare mai saye, lamba 2011/012 ta 6 ga Mayu 2011, kuma ofishin Ma'aikatar Kasuwanci yana karɓar koke. Kotu ita ce ta ƙarshe, don tana cin lokaci, mu kuwa damina ba ta jiranmu. Kowa ya san yadda hanyar Girbidik take in ruwa ya sauka.

Wanda ya sayi mota ko ya yi gyara a Yola ko Maiduguri ya ƙara kula. Dokar nan ba ta ƙetare iyaka, can takardarka da shaidunka za su tsaya maka.

Abu na ƙarshe, kada ɗayanmu ya sake zuwa shi kaɗai kamar yadda na yi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ina ba da shawara a zaɓi mutum uku, ɗaya ya iya Faransanci da rubutu, su riƙa raka duk wanda aka cuta. A buɗe littafi kuma, a rubuta wurin da ya yi mana adalci da wanda ya ƙi. Kamfanin da ya san motocin ƙungiya gaba ɗaya za su daina zuwa ƙofarsa zai saurara.

Allah ya tsare mana hanya, ya sa albarka a nema. Wassalamu alaikum.