Jawabi A Kan Yawan Jama'a Da Sha'anin Mota A Geskeru

 

Maganar da ta tara mu yau ita ce ta mota. Tsakanin Geskeru da Difa tafiyar kilomita talatin da 'yan kai ce, amma mutum yakan wuni yana jiran abin da zai kai shi. Babbar hanyar kwalta mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta ratsa Damagaram da Difa har Ngigmi, ta arewa da mu ta wuce. Mu da ke bakin Komadugu sai mun keta rairayi da laka kafin mu hau ta.

Da can kabu-kabu ne ke rufa mana asiri. A watan Fabrairu na 2015, bayan harin Boko Haram a Boso da Difa, hukuma ta kafa dokar ta-ɓaci, ta hana hawan babur a jihar nan. A shekarar ce kuma aka tsayar da cinikin kifi da na tattasai, sai a 2017 aka sake buɗe na tattasai. Cikin waɗannan shekaru ƙauyuka da yawa na bakin kogi suka watse, mutanensu suka koma gefen kwalta, wajen Ngagam da Kinjandi. Ambaliyar Oktoba 2019 ta ƙara tada wasu.

To jama'a, direba ba don zumunci yake shiga gari ba. Kawuna da buhuna yake ƙirgawa, ya auna su da kuɗin mai. In mutane suka ragu sai mota ta daina zuwa, in kuwa ta daina zuwa sai sauran ma su tashi su bi ta. Haka gari yake mutuwa a tsaye. Ƙidayar 2012 ta sami mutum 593,821 a jihar Difa, amma bayan wannan gudun hijira, lissafin bai nuna inda kowa yake kwana yau ba. Wanda ba a ƙirga ba kuwa, ba a yin rabo da shi.

Mu duba asarar da muke yi. Manomi ya sha wahalar ban-ruwa, ya shanya tattasai, amma don ba shi da abin kai shi kasuwar Difa, sai ya sayar wa dillali yadda dillalin ya yanka. Mace tana naƙuda, haihuwa ta zo da gardama, sai a aza ta bisa amalanke. Wannan kam rai ne, ba dukiya ba.

Saboda haka ga shawarwari huɗu da muke kawo muku:

1. Kowane mai unguwa ya rubuta yawan gidaje da mutanen unguwarsa, har da baƙin da suka sauka wurinmu, mu miƙa wa magajin gari.

2. Mu tsayar da kwana biyu a mako, ɗaya ta zama ranar kasuwar Difa. Mai tafiya da mai kaya su ba da suna tun jajibiri, mu je wa ƙungiyar direbobi da lissafi a hannu.

3. Mu kafa asusu, kowane gida ya riƙa zuba abin da taro ya yanke, don ɗaukar shatar mota in rashin lafiya ya taso.

4. Kafin damina samari su fito aikin gayya, a cike ramukan da ke kafe motoci, a kuma kai kukan gyaran hanyar gaban hukuma a rubuce.

Ba mu da ikon jawo kwalta zuwa ƙofarmu, amma cika mota sau biyu a mako yana hannunmu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ke da gyara ya tashi ya faɗa yanzu, kafin a rubuta.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya maido da waɗanda suka tashi gidajensu. Wassalam.