Kafin a Aika da Firji Gida, a Tambayi Wayar Ƙasa



Duk shekara muna aika wa iyaye firji, talabijin, fanka da injin jan ruwa, amma da wuya mu tambayi lafiyar wayoyin gidan da za a haɗa su. Wannan shi ne jigon jawabinmu na yau.

Wutar da KEDCO ke rarraba wa jihohin Kano, Katsina da Jigawa tun shekarar 2013, ƙarfinta a ƙa'ida bolt 230 ne. Abubuwa uku kan sa ta wuce haka. Na farko, tsawa a lokacin damina, wadda kan bi layi ko eriya ta shiga ɗaki. Na biyu, lokacin da aka maido da wuta bayan ɗaukewa, domin takan zo da fizga. Na uku, kuma mafi muni, tsinkewa ko satar wayar nutural a taransifoma, inda wutar wasu gidaje kan haura zuwa kusan bolt 400, ta cinye duk abin da ke kunne.

Mu lura cewa fis yana tsinkewa ne idan kaya sun yi wa layi nauyi, sitabilaiza kuma tana daidaita hawa da saukar wuta a hankali. Dukkansu ba sa tare fizgar da ke zuwa cikin ƙiftawar ido. Wannan aikin wata 'yar na'urar kariya ce da ake ɗaurawa a akwatin rarraba wuta, wadda ke karkatar da ƙarfin da ya wuce kima zuwa ƙasa. Ita ma ba ta da amfani in babu wayar ƙasa da sandar tagulla da aka kafa. Ƙasarmu ta rairayi ce, kuma busasshen yashi ba ya ɗaukar wuta sosai, don haka sai a zurfafa sandar har ta kai danshi, a kuma riƙa auna ta da rani.

Akwai kuma matsalar da ta keɓanta da mu mutanen bakin iyaka. Kayan da ke shigowa daga Maraɗi ta Magama, fulogin yawancinsu mai ƙafa biyu ne zagayayyu, irin na Faransa. Sai a sa tsinke a danna shi cikin soket ɗinmu mai baki uku. Na'urar za ta yi aiki, amma ta rabu da wayar ƙasa. Canza fulogin kuwa bai kai kuɗin motar zuwa Katsina ba.

Shawararmu ke nan: a samu ƙwararren mai gyaran wuta ya duba gida kafin kaya su iso. A sa wa janareta makunnin sauya layi, kada wutarsa ta haɗu da ta gari. A koya wa yara zare fulogi da wayar eriya idan hadari ya taso, a kuma jira minti biyar bayan dawowar wuta kafin a kunna firji.

Hausawa sun ce araha ba ta ado. Ɗan da ya saya wa mahaifiyarsa firji bai cika alherinsa ba sai ya tabbatar ɗakin da take kwana ya tsira daga gobara.

Allah ya kiyaye mana gidajenmu da iyalanmu.